Majalisun Ikilisiya da Kuɗin Hidimar Ɗalibai Kirista a Kano: Waiwaye Daga Gindin Ganuwa

Gabatarwa



Galibin abin da aka rubuta game da tarihin Kano ya karkata ne ga sarauta da kasuwanci da malanta, kuma hakan ya dace, domin su ne ginshiƙan birnin. In kuwa aka zo kan maganar Kiristocin Kano, sai a tarar alƙalami ba ya motsi sai ranar da aka yi tarzoma. Wannan takarda za ta bi wata hanya dabam. Abin da take so ta duba ƙaramin abu ne a ido, watau yadda tsarin majalisun ikilisiya na yanki ya shafi wanda zai kula da ɗalibai Kirista a manyan makarantun Kano, da kuma aljihun da za a biya shi daga ciki. Na zaɓi in tsaya a gindin ganuwa in yi wannan waiwaye saboda dalili biyu. Na farko, a cikin birni aka haifi kwalejin da ta zama Jami'ar Bayero. Na biyu, ganuwar nan ita ce ta tsara inda ikilisiya za ta zauna da inda ba za ta zauna ba.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu daidaita kan kalmomi. In na ce ikilisiya, ina nufin jama'ar masu bi da tsarin mulkinsu. In na ce majami'a, ina nufin ginin da suke taruwa da mutanen da ke taruwa a cikinsa. Hidimar ɗalibai kuwa ita ce aikin koyarwa da ziyara da ba da shawara da shirya sujada ga matasan da suka baro gidajen iyayensu suka zo karatu.

Ganuwa da Abin da Ta Raba

A cikin watan Afrilu na 1900 ayarin 'yan mishan na ƙungiyar CMS ya iso Kano a ƙarƙashin Bishop Herbert Tugwell, tare da shi akwai Likita Walter Miller. Sarkin Kano Aliyu Babba bai yi wata-wata ba, ya ce su bar masa gari cikin 'yan kwanaki. Suka koma ƙasar Zazzau, suka yada zango a Girku. Bayan Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, mutum zai zaci ƙofa ta buɗe wa 'yan mishan ke nan, amma sai aka sami akasin haka. Lugga ya riga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a tsoma hannu cikin addininsu ba, kuma razdanonin da suka biyo bayansa sun riƙe wannan alkawari da hannu biyu, har ma suka ƙara masa tsauri, don sun ga cewa zaman lafiyar mulkinsu ya dogara a kan zaman lafiyar sarakuna. A Zariya Miller ya sami zama cikin birni tun daga 1905, har zuwa lokacin da aka mayar da aikin Wusasa a 1929. A Kano ba a yi ko da wannan ba.

Saboda haka Kiristancin da ya zauna a Kano ba ta hannun mai wa'azi ya shigo ba. Jirgin ƙasa ne ya kawo shi. Hanyar dogo ta iso a 1911, akawuna da masinjoji da leburori da 'yan tireda suka biyo ta daga Kudu, daga Saliyo da Gwalkwas, aka yanka musu Sabon Gari a wajejen 1913. Kowace ƙungiya ta zo da harshenta da ɗariƙarta, ta tara kuɗinta, ta gina majami'arta. Ko a cikin ɗariƙa guda, ta Angilikan, sai aka wayi gari Yarbawa suna da tasu majami'ar, Ibo suna da tasu, masu jin Hausa kuma suna da tasu. A nan ne tushen matsalar da muke magana a kai yake. Ikilisiyar da aka gina da kuɗin 'yan ƙabila ɗaya, dattawanta sun fi ganin nauyin 'ya'yansu da na garinsu na asali a kan nauyin wani baƙon yaro da ya zo karatu daga wani lardi. Ba rowa ba ce. Haka aka ɗora harsashin.

Ƙungiyar SIM, wadda Gowans da Kent da Bingham suka fara a 1893, ta sami shiga ƙasar Kano ne ta ƙofar magani, a zamanin Sarki Abdullahi Bayero. A 1937 aka danƙa mata kula da kutare a Yadakunya, a 1943 kuma ta buɗe asibitin ido wanda har mutanen ƙasashen maƙwabta suka san shi. Daga baya aka sami makarantu a Roni da Kabo, da makarantar Littafi Mai Tsarki a Tofa. Mu lura da inda waɗannan wurare suke: duk a wajen ganuwa, yawancinsu ma a karkara, inda Maguzawa suke. To, ikilisiyar Kano ta tashi da fuska biyu ke nan, ɗaya tana duban Sabon Gari inda kuɗi yake, ɗaya tana duban ƙauye inda aikin bishara yake. Babu fuskar da ke duban makaranta mai zurfi, don a lokacin babu ita.

Yadda Kuɗi Yake Hawa da Sauka

Tun a ƙarni na 19 Henry Venn, sakataren CMS a Ingila, ya shimfiɗa ƙa'idar cewa ikilisiyar da aka dasa a wata ƙasa dole ta riƙe kanta, ta mulki kanta, ta kuma yaɗa kanta. Ƙa'idar ta daɗe a takarda kafin ta sauka ƙasa a Arewa. Sai da guguwar neman mulkin kai ta taso sa'an nan aka yi hanzari. A 1954 majami'un da SIM ta dasa suka haɗu suka zama ECWA. A wannan shekarar dai aka yanke wa Arewa tata diyosis ta Angilikan, aka naɗa John Mort bishop. A 1955 majami'un da suka fito daga rassan ƙungiyar SUM suka kafa Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Sudan, wadda daga baya aka sauya wa suna ta koma TEKAN.

Tsarin da aka kafa hawa-hawa ne, kamar na mulkin gargajiya da kowa ya saba da shi: mai unguwa, dagaci, hakimi, sarki. A ECWA akwai majalisar dattawan majami'a ɗaya, sai majalisar da ta haɗa majami'un da ke kusa da juna, sai majalisar gunduma wadda ake kira DCC a taƙaice, sai babbar majalisa wadda hedikwatarta ke Jos. A Angilikan kuwa majami'u suna ƙarƙashin diyosis, bishop yana mulki tare da babban taron wakilai da ake kira sinod. Abin da ya shafe mu shi ne cewa kuɗi daga ƙasa yake tashi. Mai bi ya jefa baikonsa ran Lahadi, ya fitar da zakkarsa, ya kawo godiyar kaka; majami'a ta riƙe wani kaso, ta aika da wani kaso sama. Da wannan kason da ya hau ne gunduma ko diyosis take biyan ma'aikatan ofis, ta tallafa wa makarantar horon fastoci, ta aika masu bishara inda babu majami'a.

To, ina ɗalibi zai shiga a wannan tsani? Ba shi da gona, ba shi da albashi. Sunansa yana cikin littafin majami'ar garinsu, a Kagoro ko Biliri ko Garkida, can aka yi masa baftisma, can iyayensa suke ba da baiko. Wata tara yana Kano, wata uku yana gida. Bayan shekara uku ko huɗu ya kwashe kayansa ya tafi, in ya fara samun albashi wata gundumar ce za ta ci moriyarsa. Ga ma'ajin gundumar Kano, kuɗin da aka kashe a kan ɗalibi kamar ban ruwan gonar maƙwabci ne. A wajen zaman majalisa kuma, wakilai daga majami'u suke fitowa, kowa da buƙatar da aka aiko shi da ita: rufin kwano, gidan fasto, keke ko babur na mai bishara. Ɗalibai ba majami'a ba ne, saboda haka ba su da kujera, ba su da ƙuri'a. Wanda ba ya wurin rabo kuwa, sai abin da aka tuna aka ajiye masa.

Masu kare hidimar suna da tasu hujjar, kuma ba mai rauni ba ce. Cewa suke yi da ruwan ciki ake jan na rijiya: yaron da ke aji yau shi ne likita da alƙali da babban sakatare na gobe, kuma shi ne dattijon ikilisiya da zai riƙe baitulmali nan da shekara 20. Amma hujjar shekara 20 tana da wuyar cin nasara a zaman da aka kira don kasafin shekara ɗaya.

Kwaleji a Cikin Birni

A 1934 aka buɗe makarantar koyon shari'a a Kano don horar da alƙalan lardunan Arewa, a 1947 aka faɗaɗa ta ta zama Makarantar Koyon Larabci. A cikin harabarta, cikin birni, aka fara Kwalejin Ahmadu Bello a 1960. Da aka kafa jami'a a Zariya a 1962 aka ba ta sunan Sardauna, sai kwalejin Kano ta ɗauki sunan Abdullahi Bayero, ta zama reshen jami'ar. Ta ɗan zauna a wani otal kusa da filin jirgin sama, sa'an nan a 1964 ta tare a mazauninta da ke bayan ganuwa, wajen Ƙofar Dukawuya da Ƙofar Kabuga, inda yanzu ake kira tsohuwar jami'a.

Ina roƙon mahalarta su kawo taswirar Kano a zuciyarsu. Sabon Gari tana arewa maso gabas da birni. Kwalejin kuwa tana can ɗaya gefen, kudu maso yamma. Tsakanin ɗalibi da majami'u akwai birnin Dabo gaba ɗayansa, wanda babu majami'a ko ɗaya a cikinsa. Ɗalibin Jami'ar Ibadan yana da ɗakin sujada a cikin harabar makaranta, haka ma na Samaru a Zariya. Na Kano kuwa, in yana son majami'ar ɗariƙarsu, sai ya nemi kuɗin mota ya ratsa gari ko ya zagaye ganuwa. Da aka buɗe sabuwar jami'a can gaba a kan hanyar Gwarzo, tazarar ta ƙaru. Wannan nisa shi ya sa dole sujada ta koma cikin makaranta, kuma dole ɗalibai na ɗariƙu dabam-dabam su haɗu wuri guda, in ban da 'yan Katolika da suke da nasu tsarin.

A shekarun farko abin bai dami kowa ba, domin darussan kwalejin sun fi karkata ga Larabci da addinin Musulunci da tarihi da harsuna, Kiristocin da ke cikinta kaɗan ne. Ga shi kuma ikilisiyar Sabon Gari tana fama da kanta: kashe-kashen 1966 sun sa Ibo sun kwashe sun koma Gabas, majami'u da dama suka zama kango, baiko ya ƙafe har bayan yaƙi a 1970. Al'amari ya canja ne bayan kwalejin ta sami 'yancin kanta a 1975, ta zama cikakkiyar jami'a ta Gwamnatin Tarayya a 1977, aka buɗe sassan kimiyya da fasaha da shari'a da ilmin zamantakewa. A 1978 kuma aka kafa hukumar JAMB, wadda ta riƙa rarraba ɗalibai daga ko'ina cikin ƙasa. Nan da nan aka sami garke, ba a tanadi makiyayi ba.

Waɗanda Suka Cike Giɓin

Abin da majalisun ikilisiya ba su ɗauka ba, ƙungiyoyin da ba na ɗariƙa ɗaya ba ne suka ɗauka. A 1957 malaman mishan na SUM suka fara ƙungiyar zumuntar ɗalibai Kirista a Gindiri, watau FCS, ta bazu cikin makarantun sakandare da kwalejojin horon malamai na Arewa. A 1968 ɗaliban manyan makarantu suka kafa NIFES a Ilori, wadda take da alaƙa da ƙungiyar duniya ta IFES da aka kafa tun 1947. Ba zai zama aibu ba in na tuna wa mahalarta cewa ƙungiyar ɗalibai Musulmi, MSS, ta girme su duka biyun, don a 1954 aka kafa ta a Ikko. Matasan addinan biyu tsara ɗaya ne, tarihinsu a makarantu kuma tafe yake kafaɗa da kafaɗa, wani lokaci da gogayya.

Tsarin kuɗin waɗannan ƙungiyoyi ya sha bamban da na ikilisiya. Babu baikon Lahadi tabbatacce, babu kason da doka ta yanka. Ɗalibai su ke zaɓen shugabanninsu, su tara ɗan abin da suke da shi. Malaman makaranta Kirista su zama iyayen ƙungiya. Tsofaffin ɗalibai da suka kama aiki su riƙa aiko da gudummawa. Babban abin da ya riƙe aikin a farko shi ne ma'aikacin da mishan ta ba da aro. Baturen mishan yana zuwa da albashinsa daga majami'un ƙasarsu, sau da yawa har da motarsa. Ga idon majalisar gunduma, aikin yana tafiya kyauta ke nan. A ganina wannan kyautar ita ce ta fi yi wa hidimar ɗalibai illa, domin an shekara da shekaru ba a buɗe mata layi a littafin kasafi ba, kuma abin da bai taɓa shiga kasafi ba yana da wuyar shiga ranar da aka matsu.

Ranar kuwa ta zo. A 1971 wani shugaban ikilisiya ɗan ƙasar Kenya, John Gatu, ya yi kira da a dakatar da aiko da 'yan mishan da kuɗinsu zuwa Afirka na ɗan lokaci, don ikilisiyoyi su koyi tsayawa da ƙafarsu, kuma taron ikilisiyoyin Afirka na Lusaka ya ɗauki maganar a 1974. Byang Kato, ɗan Kwoi, wanda ya taɓa riƙe sakatariyar ECWA, bai goyi bayan wannan kira ba. Amma ko da kira ko babu, zamani ya riga ya juya. Gwamnatocin jihohi sun karɓe makarantun mishan a cikin shekarun 1970, kuma a 1976 SIM ta miƙa wa ECWA dukan ayyukanta na Nijeriya. An gaji asibitoci da makarantun tauhidi da kantunan littattafai, aka kuma gaji albashin masu aiki a cikinsu. A jerin abubuwan da ke kukan kuɗi, ɗalibin jami'a yana can ƙasa.

A ɓangaren Angilikan ma shekarun na rabon gida ne. Ikilisiyar Nijeriya ta zama lardi mai cin gashin kansa a watan Fabrairu na 1979, a 1980 kuma aka raba diyosis ta Arewa gida uku: Kaduna da Kano da Jos. A 1990 aka sake yanka sababbin diyosis na bishara, cikinsu har da Katsina da Sakkwato da Maiduguri da Bauci. Katolika kuwa sai a 1991 aka cire Kano daga ƙarƙashin Kaduna, ta zama cikakkiyar diyosis a 1999. Kowane rabo yana kawo hukuma kusa da jama'a, wannan gaskiya ne. Amma kowane rabo yana kawo sabon gidan bishop ko na shugaban gunduma, da sabon ofis, da sabuwar mota, alhali masu jefa baikon ba su ƙaru ba. Sa'an nan ga shirin gyaran tattalin arziki na 1986, wanda ya karya darajar naira. Littafin da ake shigowa da shi daga waje ya gagari ɗalibi, man babur ya gagari ma'aikaci, wanda ke da aboki mai aiko da dala kuwa ya zama mai faɗa a ji a kan wanda ba shi da shi.

Ikon Wa?

Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, in ji Hausawa. Juyin maganar ma gaskiya ne: wanda bai biya lada ba, ba shi da ta cewa kan irin askin. Tun da majalisun ikilisiya ba su ne ke biyan hidimar ɗalibai ba, ba su da iko a kan abin da ake koyarwa a cikinta, ko a kan mai wa'azin da aka gayyato. Wannan ya dame su ta fuska biyu.

Fuska ta farko ta cikin gida ce. Farkawar addini da ta taso a jami'o'in Kudu a farkon shekarun 1970 ta zo da sabon salon addu'a da wa'azi wanda tsofaffin ɗariƙu ba su saba da shi ba. Alal misali, ikilisiyar Deeper Life ta faro ne a 1973 daga ajin nazarin Littafi Mai Tsarki da wani malamin lissafi na Jami'ar Ikko, W. F. Kumuyi, yake yi a gidansa. Dattawa suka ga 'ya'yan da suka aika karatu suna komowa da wata koyarwa, wasu ma ba sa komowa majami'ar iyayensu sam. Maganin da ɗariƙu suka samo shi ne kowace ta kafa tata ƙungiyar ɗaliban: ECWA da tata, Angilikan da tata, Baftis da tata. Kuɗin da ya ƙi fitowa saboda makiyayi sai ga shi ya fara fitowa saboda shinge. Sakamakon shi ne ɗan abin da ake da shi ya rarrabu, kuma rarrabuwar Sabon Gari ta bi ɗalibai har cikin makaranta.

Fuska ta biyu ta fi nauyi, don ta shafi rayuka. A ƙarshen watan Oktoba na 1982 rikici ya tashi a Kano kan sake gina majami'ar Angilikan da ke Fagge, kusa da masallacin Juma'a. Ɗalibai na cikin waɗanda suka fito zanga-zanga, aka ƙone wasu majami'u a Sabon Gari. A watan Maris na 1987 kuwa, a Kwalejin Ilmi ta Kafanchan, taron wa'azi da ƙungiyar FCS ta shirya shi ne ya zama mafarin faɗa tsakanin ɗalibai Kirista da Musulmi kan abin da mai wa'azin ya faɗa. Cikin 'yan kwanaki wutar ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, aka yi asarar rayuka, aka ƙone majami'u masu yawa da wasu masallatai, har ɗakin sujada na jami'a a Samaru bai tsira ba. Gwamnatin Tarayya ta kafa kotu ta musamman a ƙarƙashin Mai Shari'a Karibi-Whyte, ta kuma kafa majalisar ba da shawara kan harkokin addini. Abin lura ga takardarmu shi ne, ba majalisar gunduma ce ta shirya taron ba, ba sinod ne ya zaɓi mai wa'azin ba, amma su ne suka tashi da ginin da za a sake, da marayun da za a riƙa, da kuma zama gaban hukuma. Ƙungiyar CAN, wadda aka kafa a 1976, ita ce ta zama bakin Kiristoci a irin wannan rana. Sai dai CAN majalisar haɗin kai ce, ba ta naɗa fasto, ba ta mallaki baikon kowa ba.

A nan zan faɗi ra'ayina, ko da wasu za su saɓa mini. Shugabancin ɗalibai da kansu shi ne ƙarfin waɗannan ƙungiyoyi, kuma da yawa daga cikin shugabannin ikilisiya na baya a can suka koyi riƙe taro da riƙe amana. Amma a gari irin Kano, yaro ɗan shekara 22 da ya zo daga nesa, wanda bai san tarihin 1900 ba, bai san abin da ganuwa take nufi ga masu ita ba, yana buƙatar babba a kusa da shi, mai jin Hausa, wanda ya san limamai da masu unguwa, ya san maganar da ake faɗa da wadda ake haɗiyewa. Albashin irin wannan mutum bai kai kuɗin rufin majami'a ɗaya da aka ƙone ba.

Maganar Wuri

Saura batun gini, wanda ya fi kowane tsada kuma ya fi kowane wuyar yankewa. Dokar filaye ta 1978 ta sa filayen birane a hannun gwamna, filin jami'ar tarayya kuma yana hannun hukumar jami'a, saboda haka kuɗi kaɗai ba ya gina ɗakin sujada sai da izini. Ko da izinin ya samu, tambaya tana nan: ginin na wa zai zama? Tsarin mulkin kowace ɗariƙa ya tanadi amintattun da ake rubuta dukiya da sunansu, kuma majalisa takan yi nauyin hannu wajen zuba kuɗi a ginin da ba za a rubuta shi da sunanta ba, wanda kuma faston wata ɗariƙar zai iya hawa bagadinsa. Shi ya sa a jami'o'in ƙasar nan nauyin irin wannan ɗaki yakan koma wuyan malamai da ma'aikatan jami'a Kirista, su kafa kwamitinsu, su roƙi wata ɗariƙa ta ba su aron fasto na 'yan shekaru. Faston aro kuwa bawan iyayengiji biyu ne: kwamiti ke ba shi aiki, gundumarsa ke riƙe da ƙarin girmansa da fanshonsa, kuma ita ke da ikon janye shi duk ranar da ta buƙace shi a wani wuri.

A tsohuwar Jami'ar Bayero, har zuwa 2012, a ɗakin lacca da wurin wasanni Kiristoci suke taruwa ran Lahadi. Nan 'yan bindiga suka same su da safiyar 29 ga Afrilu na wannan shekara, wata uku bayan hare-haren da aka kai wa birnin ranar 20 ga Janairu. Aƙalla mutum 15 suka rasu, cikinsu har da furofesoshi biyu. Masu sujadar sun fito daga ɗariƙu da ƙabilu dabam-dabam, gawawwakin kuma aka kai su garuruwa dabam-dabam, kowace majami'a ta binne nata.

Daga waɗannan shekaru wani sabon layi ya shiga kasafin majami'un Arewa, wanda Venn bai san da shi ba, waɗanda suka tsara ECWA a 1954 ma ba su san da shi ba, watau kuɗin tsaro: katanga, da shingen ƙarfe a bakin hanya, da na'urar binciken jiki, da ɗan abin da za a ba masu gadi. Majami'ar da ke Sabon Gari tana da dattawa da ma'aji da za su zauna su yanke nawa za a fitar. Taron ɗalibai da ke aron ɗakin lacca kuwa ba shi da katangar kansa da zai ɗaga, ƙofar da zai tsare ma ta hukumar makaranta ce.